Ƙwaryar Iya Dije da Farar Rigar Baba Sale

A gidanmu ba a taɓa hura wuta don tatsuniya ba. Wutar aiki ce, tatsuniyar ce ta zo ta same ta a wurin. Kakata Iya Dije, mahaifiyar babanmu, sana'arta turara shinkafa, kamar mata da yawa a ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure. Tana da rabin duro a bayan ɗakinta a kan murhun laka, kuma da buntun shinkafa take iza wutar. Shi buntu ba ya ci bal-bal kamar itace, sai dai ya yi ja ya yi ta ci a hankali. Idan aka idar da sallar magariba aka ci tuwo, lokacin ne take ɗora shinkafar da za ta kwana a ruwan zafi kafin a turara ta da asuba. Dole a sami mai zama ya kula da wutar. Iya ba ta son zama ita kaɗai, mu kuma ba ma son sanyin da ke tasowa daga kanal, babbar magudanar ruwan da ta ratsa bayan garinmu. Haka muka zama abokan hira.

Sunanta aka sa mini, don haka babanmu bai taɓa kiran sunana ba, Ummi yake ce mini. Ita kuwa Takwara take kirana, kuma wurina a gefen damanta yake, inda hayaƙi ba ya bi. Ƙanena Nasiru yana ɗaya gefen, sai 'ya'yan maƙwabta huɗu ko biyar da ke shigowa da tabarmarsu. Har yau idan na wuce injin casa na ji ƙamshin shinkafa mai zafi, sai in ji kamar ƙafafuna sun ɗumama bayana kuma yana sanyi, don haka zaman yake.

Kowace tsohuwa a garin ta iya tatsuniya, amma ta Iya daban ce. Ita ba ta yi da baki kaɗai. Akwai wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki da take ajiyewa a kan rumbu, a rufe da faifai, ba mai taɓa ta. Da rana, tana cikin shanya, sai ka ga ta sunkuya ta tsinci wani abu ta jefa a ciki: totuwar masara, gashin zabo, ƙwallon goruba, murfin kwalba. Mu kuwa mu yi ta leƙe muna gardamar wace tatsuniya ce za ta fito daga ciki. Idan lokaci ya yi sai ta ɗora ƙwaryar a cinya, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wa ya zo da hannunsa?"

Mu ce, "Ga hannu, Iya!"

"To, a riƙe mini, kada a yar."

Daga nan labari ya fara ke nan, kuma kowa sai ya sami abin riƙewa. Wanda ya yi gyangyaɗi abinsa ya faɗi, gobe ba shi da rabo.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta kunkuru da gonarsa. Ranar, kafin ta ce komai, sai ta share ƙasa da tafin hannu, ta ja dogon layi da yatsa daga gabanta har zuwa inda nake, ta zurfafa shi da kara. Ta ce wannan rafi ne. Ta ba Nasiru ɗanyen tumatir kore, ta ce shi ne kwaɗo, gonarsa a bakin rafin take, inda ruwa ke fara shigowa. Ni ta ba ni sakaina ta ce in kifa ta a can ƙarshe, ni ce kunkuru. Ta soka gashin zabo a jikin dogon kara ta kafa a gefe, wannan shi ne zalɓe, sarkin fadama. Sannan ta ɗauki buta ta fara tsiyaya ruwa.

Ruwan ya taho a hankali yana ture ƙasa, duk muka sunkuya muna bin sa da ido. Saura kaɗan ya iso wurina sai Iya ta ce, "Kwaɗo, kai fa ba ka ƙoshi. Tare!" Nasiru ya dasa hannunsa a tsakiya. Ruwa ya taru a gabansa ya zama ɗan tafki, nawa gefen ya tsotse ya bushe a kan idona. Wallahi haushi na gaske na ji. Na ce, "Iya, ki ce ya ɗaga mana!" Ta ce, "Ni ba ni cikin labarin nan. Kunkuru ya kai ƙara inda ake kai wa."

Kunkuru ya tafi fada, in ji Iya. Amma shi kunkuru maganarsa kamar tafiyarsa take. A nan sai ta ja murya, ta fara gaisuwar kunkuru: ya gai da sarki, ya gai da matan sarki, ya tambayi ƙwai, ya tambayi ƙafar sarki ta dama, ya koma ta hagu. Daga nan ya ɗauko tarihin gonar tun daga kakansa. Ta yi ta ja har mu kanmu muka fara hamma, sai ta kwantar da karan zalɓe a ƙasa ta ce, "Kun gani? Sarki ma ya yi barci." Da aka kira kwaɗo kuwa, ya buɗe maƙogwaro ya cika fada da zance, ya rantse ruwa yana wucewa har ya yi yawa, kunkuru raki ne kawai gare shi. Fadawa suka tafa masa. Kunkuru ya dawo gida. Ya sake komawa karo na biyu, ya tsara maganarsa tun a hanya, aka sake yin barci.

A karo na uku bai tsara komai ba. Ya shiga gonarsa, ya haƙa da farce, ya ɓamɓaro ƙasar da ta bushe ta tsattsage, faifai guda, ya ɗora a bayansa. Kwana bakwai yana tafe da ita a cikin rana. Da ya isa fada bai gai da kowa ba, ya matsa gaban sarki ya sauke.

Iya ta sa hannu a ƙarƙashin faifan ƙwaryarta ta ciro ɓamɓaren laka na gaske, busasshe ƙarau, ga tsaga ko'ina, ga wani ɗan dashen shinkafa da ya mutu a tsaye a tsakiyarsa. Daga baya na ji cewa tun da hantsi ta taka har gonakin ƙarshen kanal ta ɗebo shi. Ta ɗora mini a hannu ta ce in miƙa wa na kusa. Ya zagaya mu duka. Nauyi gare shi, kuma yana yankar yatsa.

Ta ɗaga karan zalɓe, ta sa ya cake ƙasar da baki. Ƙwas! Sarki ya ja da baya yana yarfa kai. "Wa ya kawo mini dutse fada?"

Ta maida murya can ƙasa, ta kunkuru. "Ranka ya daɗe, gonata ce."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sarki ya tashi da kansa, ya bi rafin da dogayen ƙafafunsa har ya tarar da inda aka toshe. Iya ta sa karan ta ɗage hannun Nasiru, ta ƙara ruwa daga buta, ruwan ya ɓalle ya taho da gudu ya zagaye sakainata. Muka yi ihu har babanmu ya leƙo daga zaure yana tambayar lafiya. Iya ta ce shi ya sa har yau zalɓe ke tsaye a cikin ruwa yana gadi, kwaɗo kuma bai daina musu ba, kuna jin sa duk yamma. Shi kuwa kunkuru, ƙasar da ya ɗauka kwana bakwai ta bar masa zanenta a baya, duk wanda ya gan shi ya ga shaidarsa. Ta miƙo ƙwarya. "Na sauke. Kowa ya maido mini da kayana."

Na taɓa tambayarta me ya sa take wahalar da kanta da tsince-tsince, alhali sauran tsofaffi zama kawai suke yi su faɗa. Tana iza buntu, ba ta ma dube ni ba, ta ce, "Takwara, in na faɗa muku da baki, kafin ku kai shimfiɗa kun manta rabi. Amma ke da kika riƙe kunkuru, gobe ke za ki ba wani labarin, har ki ƙara naki." Gaskiyarta. Washegari a bakin rijiya sai da na yi wa 'yan mata uku, da ruwan gugata.

Iya ta rasu ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin gona a Kano. Da na gama aka ɗauke ni malamar gona, aka kuma yi sa'a aka turo ni yankinmu. Na dawo da takardu da na'ura mai ƙwaƙwalwa da yaƙinin cewa duk abin da na sani, faɗarsa kawai ya rage.

A noman ranin farko da na kama aiki, Nasiru ya faɗi a gonar tumatir. A lokacin ya zama magidanci, yana da 'ya ɗaya. Tsutsa ta addabi tumatir a shekarar, kowa feshi yake yi ba ji ba gani. Tun safe yake goye da injin feshi, daga shi sai singileti da gajeren wando. Wajen azahar aka same shi a kwance tsakanin kunya biyu, yana amai, gumi ya jiƙa shi, yawu na dalala. A adaidaita muka kai shi asibiti, kansa a cinyata, ina kiran sunansa ba ya amsawa. Kwanansa huɗu kafin ya gane mu. Likita ya ce maganin feshi ne ya shiga jikinsa ta fata da numfashi, kuma da an ƙara jinkiri da wani zance ake yi.

A gari kuwa cewa aka yi rana ce ta buge shi. Wasu suka ce ya shiga gona a lokacin da ba a shiga ne. Ba wanda ya ajiye injinsa ko na yini ɗaya.

Na je wurin mai unguwa na roƙi a tara mini manoma. Aka tara su a wani ajin firamare ranar Asabar. Na aro majigi da ƙaramin janareta, na rataya farin zane a allo. Na yi bayanin nau'o'in magani, da ma'anar launin da ke gindin kwalba, da yadda guba ke bi ta ƙofofin gashi. Na nuna hoton wani bature sanye da kayan kariya tun daga kai har ƙafa. Minti arba'in ina magana. Mutanen kirki ne, ba wanda ya tashi, amma ina ganin kawuna suna rinjaya, wasu suna latsa waya a ƙarƙashin benci. Da na gama aka yi mini addu'a.

Sai Baba Sale ya gyara murya. Abokin babanmu ne tun suna yara, kuma duk garin ba wanda ya kai shi sanin tumatir. Idan ya ce a dasa, a dasa ake yi. Ya ce, "Ummi, Allah ya yi miki albarka, kin yi karatu. Amma ni shekara talatin ina feshi, ko ciwon kai bai taɓa kwantar da ni ba. Wanda ya iya, maganin a ganye yake sauka, ba a jikinsa ba. Waɗannan kayan na hoton, mutum ya sa su a ranar nan tamu ai kafin maganin ya kashe shi zafi ya gama da shi." Aka yi dariya, aka watse. Ranar Litinin na wuce ta gonarsa na gan shi yana dama magani a bokiti da hannu.

Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Na ga ɗan'uwana a bakin mutuwa, na san abin da ya kai shi, kuma na kasa sa mutum ɗaya ya yarda. Har na fara tunanin neman a maida ni ofis a birni.

Ranar Alhamis ina wanke wa babanmu farar rigarsa ta Juma'a. Na zuba bula a ruwan ɗauraya, shunin nan da ke sa farin kaya haske, na tsoma rigar na matse. Da na ɗago sai na ga yatsuna sun yi shuɗi har cikin farce. Na share gumi, ƙanwata ta kalle ni ta fashe da dariya, ta ce goshina ma ya samu. Na tsaya da rigar a hannu. Ban san na taɓa goshina ba. Nan take na ji kunya ta kama ni, don na gane abin da na yi a ajin nan: gaisuwar kunkuru na yi musu, minti arba'in cur, ni da na tashi a gefen Iya.

Na koma wurin mai unguwa. Bai so ba, ya ce mutane suna da aiki, kuma an riga an ji. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan karon ba ni zan yi magana ba. Baba Sale ne zai koya wa matasa yadda gwani ke feshi. Ni kallo zan yi." Ya dube ni ya ce in Sale ya yarda shi ma ya yarda. Shi kuwa Baba Sale da na je masa da zancen, murna ya yi. Na gaya masa gaskiya cewa ruwa da bula zan zuba a injin, don a ga inda feshin ke sauka. Ya ce ai ya fi, kowa ya gani da idonsa cewa a ganye yake sauka.

Na sayi farin yadi mai araha, tela ya ɗinka riga da wando da hula. Na aro sabon injin feshi daga ofis wanda magani bai taɓa shiga cikinsa ba, na kuma tabbatar wa kaina cewa bular ba ta cutarwa. Bayan mako guda, ranar Juma'a bayan la'asar, mutane suka taru a bakin gonarsa, sun fi na ajin yawa nesa ba kusa ba, don labari ya bazu cewa Sale zai kunyata 'yar boko. Har tsofaffin mata sun zo sun tsaya daga nesa a gindin mangwaro, cikinsu da matarsa.

Da na miƙa masa kayan ya ɗaga rigar sama ya ce, "Ummi, likkafani za ki sa mini tun ina raye?" Aka kwashe da dariya. Ya shiga bayan bukka ya sako, ya fito fes kamar mai zuwa idi. Na ce, "Baba, alfarma ɗaya. Ka yi yadda ka saba, kada ka canza komai."

Bai canza ba kuwa. Ya yage ƙullin bular da haƙori. Ya zuba a bokiti, ya naɗe hannun riga ya dama. Ya ɗura a injin, ya goya, ya shiga kunya yana bugawa yana bayani da murya mai ƙarfi: ga yadda ake riƙe sanda, ga yadda ake bin ƙarƙashin ganye. Gwani ne, ba ƙarya, tafiyarsa ma abin kallo ce. Yana tsakiyar kunya ta biyu bakin injin ya toshe, ya kwance shi ya sa a baki ya hura, ya mayar. Iska ta ɗan juyo, feshin ya dawo masa, bai ko kula ba. Ya share gumi da bayan hannu. A ƙarshen kunya ya tsaya ya ciro goro daga aljihu ya ɓantara.

Tun a kunya ta biyu matasa suka fara ƙunshe dariya. A ta uku abin ya fi ƙarfinsu. Shi kuma ya ɗauka gwanintarsa ake yi wa, ya ƙara ƙaimi. Da ya fito ya sauke injin, ya ce, "To, Malama, ina abin yake?" Na ciro madubi daga jakata na miƙa masa.

Wandon daga gwiwa zuwa ƙasa ya rine sarai, saboda ganyen da ya yi ta ratsawa. Bayan rigar ya jiƙe shuɗi tun daga kafaɗa har ƙugu, inda murfin injin ke yoyo kamar yadda na kowa ke yi. Ga ɗigo-ɗigo a ƙirji da hula. Ga zane a goshi. Leɓɓansa kuwa da gemunsa, kai ka ce ya sha tawada. Mutane har da masu riƙe ciki. Shi ma ya yi dariya, don mutum ne mai raha, ya juya madubin ya ce, "To, an ci ni. Amma ai abu ne na ruwa da sabulu. In na je gida in yi wanka, shi ke nan."

Na ga abin zai tashi a wasa, a yi mako ana tsokanarsa, a koma yadda ake. Ina laluben abin da zan ce sai ga jikarsa Safiya, 'yar shekara biyu, ta zame daga hannun kakarta a gindin mangwaro. Ta taho da gudunta na yara tana kiran "Baba! Baba!" Kafin kowa ya yi tunani ya sunkuya ya cafe ta, ya ɗaga ta sama, ya rungume. Ya share mata hanci da yatsa. Ita kuma ta kama gemunsa, ta sa hannun a baki.

Dariyar ta fara mutuwa daga gaba, ta bi har baya. Ya lura, ya ɗan janye yarinyar daga jikinsa ya dube ta. Rigarta mai ruwan ƙwai ce. Ga tafin hannunsa biyu a haƙarƙarinta, yatsu biyar-biyar, kamar an buga hatimi. Kumatunta shuɗi, bakinta shuɗi, tana ta yi masa dariya.

Ya sauke ta a hankali. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Da ya yi magana, ba da ni yake ba, ba kuma da taron ba. Ya ce, "Kullum haka nake ɗaukarta. Kullum, in na dawo daga gona, ita ke fara tarata."

Na ce, "Baba, yau dai bula ce."

Ban ƙara komai ba, ko da yake na kwana ina haddace jawabi. Nasiru ne ya matso, har lokacin bai gama mayar da jikinsa ba, ya ce shi ma ranar da ya faɗi sau uku ya hura bakin injin. Wani ya ce matarsa ce ke wanke kayan feshinsa tare da na yara. Wani dattijo ya tambaya, to jarkar maganin da suke zuba man gyaɗa a ciki fa? Tambayoyi suka yi ta zuwa ta ko'ina, irin waɗanda na yi ta jira a ajin nan ba su zo ba. A nan ne na buɗe buhun da na zo da shi, na fito da safar hannu ta roba, da dogon takalmi, da takunkumi, da wani buhun taki da na huda wa wuya da hannu don a sa a baya. Ba na hoton bature ba ne, duk abin da mutum zai iya samu a Kura ne ko ya haɗa a gida. Suka yi ta karɓa suna juyawa suna gwadawa. Sai da ladan ya kira magariba muka tashi, mai unguwa ya tsayar da magana cewa daga ranar ba mai wanke injin feshi a kanal, za a haƙa rami nesa da ruwa.

A hanyar gida babanmu yana gaba ina biye. Mutum ne da ba ya yabon ɗansa a gaban ido. Sai da muka kai ƙofar zaure ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Ummi, yau na ga mai sunanki." Na shige ɗaki na yi kuka mai daɗi.

Ba zan ce kowa ya gyaru ba. Har yau akwai masu feshi da singileti, kuma zafin da Baba Sale ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa muka koma ce wa mutane su yi da sassafe ko da yamma. Amma mai shagon kayan gona da kansa ya ce mini safar hannu ta fara ƙare masa, abin da a da sai ta shekara a rataye. A ƙofar gidaje da yawa yanzu akwai bokiti da sabulu, maigida ba ya taɓa kowa sai ya wanke ya canza kaya. Noman rani huɗu ke nan ba mu sake ɗaukar kowa daga gona zuwa asibiti ba a garinmu, alhamdu lillahi.

Na daɗe ina ɗaukar tsince-tsincen Iya a matsayin dabarar hana yara barci. Sai da na tsaya a bakin gonar nan na ga dattijo yana kallon hannunsa na gane abin ya wuce nan. Mutum kamar Baba Sale ba zai bar abin da ya yi shekara talatin yana yi ba don 'yar abokinsa ta ce ya bari, kuma bai kamata a zarge shi ba. Ranar ba ni na kayar da shi ba. Shi ya dama, shi ya fesa, shi ya gani, shi ya yanke wa kansa hukunci, girmansa bai taɓu ba. Ni nawa kawai in kawo yadin da bular in matsa gefe. Tun daga lokacin, ko taron manya aka kira ni a birni, ba na zuwa hannu sake, kuma ina ƙoƙarin abin ya ƙare a hannun wani, ba nawa ba.

Yanzu ƙauyuka ke aiko mana, har daga wajen Kadawa. Baba Sale ba ya bari a tafi ba shi. Ya ɗinka farar rigarsa da kansa, ya ce ta tela ta matse shi a hammata. A zuwanmu na baya-bayan nan na miƙe zan gabatar da mu, na buɗe baki ke nan, sai ya ɗaga mini hannu a gaban mutane sun fi ɗari.

"Malama, zauna ki huta," ya ce. "Waɗannan irina ne, na san inda taurin kansu yake." Ya juya ga taron yana naɗe hannun riga. "To, wane ne gwanin feshi a garin nan? Ya fito, ina da kyautar riga."

Mutum uku suka miƙe a lokaci guda.